Zangon Kwana Uku a Bakin Tafkin Naivasha: Dorina, Kwazazzabo da Dutsen Longonot

Lamarin da za a duba shi ne na ayarin mutum shida, manya masu ƙoshin lafiya amma waɗanda ba su saba hawan dutse ba, da mota guda, suna son su kwana uku a tanti a kurmin da ke kudancin Tafkin Naivasha a ƙasar Kenya, su shiga gandun Hell's Gate, su kuma hau Dutsen Longonot. Mutanen Nairobi sun saba da wannan tafiya a ƙarshen mako, kuma ba ta bukatar kaya masu tsada. Abin da ya sa ta cancanci nazari shi ne kowane haɗari a wurin yana da lokacinsa. Dorina na da nata, iskar tafki na da nata, ruwan kwazazzabo da ranar kan dutse su ma haka. Ayarin da ya jera ayyukansa bisa agogo zai dawo da labari mai daɗi ko da tantinsa na haya ne.

Wurin

Naivasha tafki ne na ruwan daɗi a cikin babban kwarin da ya tsaga gabashin Afirka, kimanin kilomita 90 arewa maso yammacin Nairobi. Yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,890 daga gaɓar teku, wato ya fi Jos bisa ƙwarai. Kogunan Malewa da Gilgil ne ke zuba masa ruwa daga arewa, kuma ba shi da wata mafita da ido ke gani, ta ƙarƙashin ƙasa ruwan ke zurarewa. Ba shi da zurfi: a yawancin wurare bai wuce mita 6 ba, sai dai kusa da tsibirin Crescent inda tsohon bakin dutse mai aman wuta ya nutse. Tun 1995 yake cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar, kuma an ƙirga tsuntsaye fiye da iri 400 a yankin.

Kurmin bakin tafkin na wata itaciya ce 'yar dangin bagaruwa da farar ƙaya, doguwa, mai ɓawo rawaya-rawaya mai ɗan kore. A ƙarƙashinta ciyawa ce gajera kamar an bi ta da almakashi. Ba ma'aikata ne suka yanke ta ba, dorina ce ke kiwo a nan kowane dare. Sansanonin haya suna jere a kan titin Moi South Lake, tsakanin gonakin furanni da ake kai wa Turai, kuma yawancinsu na da banɗaki, famfo, wurin hura wuta da shingen waya mai lantarki ta ɓangaren ruwa.

Damina biyu ake yi: babba daga Maris zuwa Mayu, ƙarama daga Oktoba zuwa Disamba. Janairu da Fabrairu, sai kuma Yuni zuwa Satumba, su ne watannin da aka fi zuwa. Wurin yana dab da layin da ya raba duniya biyu, don haka rana kan fito wajen ƙarfe 6:30 ta faɗi wajen 6:30 ko ɗan bayan haka duk shekara, kuma duhu ba ya jan ƙafa. Da an yi magariba, kafin a gama naɗe sallaya an fara laluben tocila.

Jerin kwanakin

Tsarin da ya dace da wannan ayari shi ne su iso ranar farko kafin ƙarfe 3 na yamma, su yi Hell's Gate da safiyar rana ta biyu, Longonot da asubar rana ta uku, sai yawon kwalekwale da safiyar rana ta huɗu kafin a naɗe kaya. Da yawa kan fara da Longonot saboda yana kan hanya daga Nairobi. Ga wanda ya zauna a Nairobi wannan ba laifi, jikinsa ya saba da tudu. Wanda ya taso daga Kano, garin da bai kai mita 500 ba, gara ya kwana biyu a bakin tafkin tukuna. Ƙololuwar Longonot mita 2,776 ce, ta ɗara Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowane tsayi a Najeriya. Tsayin bai kai ya kwantar da mai lafiya ba, amma zai sa shi haki da ciwon kai in ya yi gaggawa.

Hanyar Nairobi da ta bi ta garin Mai Mahiu ita ce mafi kusa da Longonot, tana gangarowa ta gefen dutse tana lanƙwasa, cike da manyan motoci. Ba hanyar dare ba ce. A damina kuma a tambayi halin da take ciki kafin a tashi, don a wannan yanki ne ruwa ya ɓalle da asubar 29 ga Afrilu 2024 ya ci mutum fiye da 50.

Kaya da guzuri

Tanti uku masu cin mutum uku-uku, a kwana bibbiyu, sauran wurin na jakunkuna ne. Kowane tanti ya zama mai rufi biyu, na ciki mai raga da na waje mai tare ruwa, tare da tamfol na shimfiɗawa a ƙasa. Da dare sanyi kan sauko kusa da digiri 10, wani lokaci ƙasa da haka a Yuli da Agusta, kuma sanyi ne mai laima, ba busasshe irin na hunturu ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tara barguna a sama a bar ƙasa. Ƙasa ce ke zuƙe ɗumin jiki, don haka katifar soso mai kaurin yatsa biyu ta fi ƙarin bargo amfani. Katifar iska kuwa tana da maƙiyi a wannan kurmi, za a zo kansa.

Ruwan famfon sansani ya isa wanka da alwala da wanke-wanke. Na sha kam a sayo shi a garin Naivasha. Ruwan ƙasa a wannan kwari yana da yawan sinadarin fuloraid, shi ne ke rina haƙoran mutanen yankin ruwan ƙasa-ƙasa, kuma tafasawa ba ta cire shi. Kwana uku ba za su ɓata haƙorin kowa ba, sai dai ba kowane famfo ne aka tace ruwansa ba, kuma gudawa a daren da za a hau dutse ta rushe tafiyar ke nan. Lissafin shi ne lita 4 ga kowane mutum a rana, sha da girki, wato lita 72 a kwana uku, a ƙara na ranar dutse ya kai 80: jarka huɗu masu lita 20.

Kowa ya zo da gorar ruwa ta ƙarfe ko ta roba mai kauri da ake sake cikawa. Kenya ta hana leda tun 2017, kuma daga Yunin 2020 ta hana shiga gandun daji da robar ruwa ta sha-ka-yar. Wanda ya saba ƙulle takalmi da sabulu a baƙar leda ya nemi jakar yadi tun daga gida. Mai zuwa daga Najeriya kuma ya riƙe katin rigakafin shawara.

Tukunyar gas mai kilo 6, irin mai murhu a kanta da ake samu ko'ina a Kenya, ta ishi mutum shida har ta yi saura. A wannan tudu ruwa kan tafasa a wajen digiri 94, saboda haka shinkafa kan ƙara 'yan mintuna da ɗan ruwa, wake kuwa in ba a jiƙa shi tun dare ba zai cinye gas ya bar mutane da yunwa. Gram 100 zuwa 120 na shinkafa ko taliya ga mutum a kowane girki ya wadatar. Ɗanyen nama na daren farko ne kawai, ƙanƙarar kula ba ta kai wa rana ta uku. Daga nan sai ƙwai, kifin gwangwani, gyaɗa, dabino da ayaba.

Kuɗin shiga gandun daji ana biyansa ne ta manhajar gwamnati ta eCitizen, ba a hannu ba, kuma farashin baƙo daban da na ɗan ƙasa. A biya tun a sansani inda akwai sabis, a ɗauki hoton shaidar, a tafi da fasfo.

Wani abu ƙarami da kan rikita baƙi daga yammacin Afirka: a Naivasha alƙibla arewa take, da ɗan karkata kaɗan zuwa gabas. Wanda ya dubi inda rana ke fitowa ya tayar da salla kamar yadda ya saba a gida ya kauce nesa.

Inda za a kafa tanti

Wannan aiki na minti ashirin shi ne ya fi kowane nauyi a ranar farko, kuma shi ya sa ake son isowa da sauran rana. Mutum biyu su zaga filin kafin a sauke ko jaka ɗaya.

A fara duba jikin itatuwa. Ruwan Naivasha yana hawa yana sauka fiye da yadda baƙo ke zato. A 2009 fari ya janye shi nesa da gaɓa, a 2020 kuma ya cika ya shanye filayen sansanoni da unguwar Kihoto. Alamar tana nan a gindin itace, zoben laka busasshe, da kuma matattun itatuwa da ke tsaye tsirara a cikin ruwa. Tanti ya kasance sama da wannan zobe, a wurin da ƙasa ba ta lotsawa in an taka da dunduniya.

Sai a ɗaga kai. Itaciyar nan reshenta na karyewa, musamman wadda ruwa ya taɓa jiƙa saiwarta na watanni. Duk reshen da ba ganye, ko ɓawonsa ya saɓule, kada a kwana ƙarƙashinsa komai daɗin inuwarsa. Sannan a sunkuya. Ƙayarta fara ce, miƙaƙƙiya, tana kai tsawon ɗan yatsa, kuma tana kwance cikin ciyawa ba a gani. A share wurin da reshe, a bi da tafin hannu a hankali, sannan a shimfiɗa tamfol. Ƙaya guda ta isa ta sace katifar iska da ƙarfe biyun dare, mai ita ya wayi gari a kan ƙasa mai sanyi. Tamfol ɗin kada ya leƙo waje da gindin tanti, in ya leƙo zai tara ruwan sama ya tura shi ƙarƙashin masu barci.

Ƙasar wurin toka ce ta dutse mai aman wuta, tana da laushi, gajerun ƙusoshin da ke zuwa da tanti ba sa kamawa. A nemi masu tsawon santimita 25 zuwa 30, a kafa su a karkace, kai yana kallon nesa da tanti, a ɗaure duk igiyoyin gefe ko da babu iska a lokacin. Za ta zo da la'asar. Rufin waje ya miƙe sosai kada ya taɓa na ciki, a kuma bar tagogin sama a buɗe. Numfashin mutum biyu a tanti rufaffe a bakin ruwa kan zama raɓa ya ɗiɗɗigo musu, da safe su rantse tantin na yoyo.

In aka ga layin kwarkwasa, a matsa gaba ɗaya, ba a jayayya da su. Birai kuma, ƙananan masu baƙar fuska, sun san ƙarar buɗe kula. Abinci ya kwana a mota, gilashi a rufe. Masu dogon gashi baƙi da fari da ke can saman itace ba ruwansu da kowa, su ne abin kallo.

Murhun gawayi ba ya shiga tanti. Idan sanyi ya matsa da tsakar dare akwai mai cewa a shigo da sauran garwashi na ɗan lokaci. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, tana sa barci mai nauyi, kuma a wuri rufaffe ba a tashi daga shi.

Dorina

Da yawa sun fi sanin dorina a hannun dogari. Mai ran tana kai kilo 1,500, tana yini a ruwa saboda fatarta ba ta jure rana, da magariba ta fito kiwo, ta ci ciyawa kusan kilo 40 kafin asuba. A ƙasa tana iya gudun kilomita 30 a awa a ɗan gajeren zango, wanda ba mutumin da zai tsere mata a cikin duhu da ciyawa mai santsi. Ba nama take ci ba. Abin da ke sa ta afka wa mutum shi ne ta firgita ta nufi ruwa ta tarar da shi a hanya, ko kuma uwa ce da ɗa.

Hanyarta ba ta ɓuya. Turba ce mai layi biyu da ɗan tudun ciyawa a tsakiya, kamar sawun ƙaramar mota, tana fitowa daga cikin dogayen ciyayin bakin ruwa. A gefenta za a ga kashi a warwatse a jikin ganye har tsayin ƙugu, don da jela take watsa shi. Duk inda aka ga wannan, ba wurin tanti ba ne, ba kuma wurin zaman shan shayi ba.

Ma'aikatan sansani kan rufe ƙofar shinge su kunna lantarki da magariba. A tambaye su ƙarfe nawa, a kuma tambaya ko shingen ya kewaye filin duka, don idan ruwa ya hau yakan nutsar da wani ɓangare. Daga magariba zuwa fitowar rana ba mai tsallakawa. Lokacin da aka fi samun matsala shi ne asuba, sa'ad da haske ya fara, tafkin ya yi kyau, mai ɗaukar hoto ya ga kamar dare ya wuce, alhali a lokacin ne na ƙarshensu ke komawa ruwa. Mai zuwa banɗaki da dare ya haska gabansa da gefensa kafin ya taka, kada kuma ya dalle dabbar da tocila a ido in ya gan ta bayan waya. Gurnaninsu cikin dare yana da ƙarfi kamar a bakin tanti suke. Wannan ba abin tashi ba ne.

Wanka a tafkin babu shi a tsari, dare ko rana.

Hell's Gate da kwazazzabon Ol Njorowa

Sunan na nufin Ƙofar Jahannama. An kafa gandun a 1984, faɗinsa murabba'in kilomita 68 ne, kuma yana cikin 'yan ƙalilan a Kenya da aka yarda a zaga da ƙafa ko da keke. Daga ƙofar Elsa ana hayar keke a bi hanyar ƙasa tsakanin jajayen bangayen dutse, a wuce hasumiyar Fischer, wani dutse tilo mai tsayin mita 25 da aka sa wa sunan Bajamushe Gustav Fischer wanda ya ratsa wurin a 1883. Jakin dawa, raƙumin dawa da gadu suna kiwo a gefen hanya. Ɓauna ce abin kiyayewa, musamman tsohon namiji da ke shi kaɗai. In ya tsaya a kan hanya a tsaya nesa a jira mota ta zo ta kore shi. A gwada birkin keken haya kafin a biya, dawowar ma akwai ɗan hawa. Farin tururin da ake hangowa daga kudu maso yamma na tashar Olkaria ne, inda Kenya ke samar da lantarki daga zafin ƙarƙashin ƙasa tun 1981.

Bayan kilomita 7 zuwa 8 sai a iso bakin kwazazzabon. A zamanin da tafkin ya fi haka girma, ta nan ruwansa ke fita kudu. Ciki siriri ne, bangon tokar dutse da ruwa ya sassaƙa ya yi sumul, a wasu wurare mutum zai iya taɓa gefe biyu da hannuwansa, ga ruwan zafi na tsattsafowa daga jikin bango. Wurin yana da kyau ƙwarai, kuma ya ci rayuka. A Afrilun 2012 ambaliya ta kashe mutum bakwai cikin matasan wata coci daga Nairobi. Ranar 1 ga Satumba 2019 ta sake kashe bakwai, masu yawon buɗe ido shida da ɗan jagoransu, aka rufe kwazazzabon bayan haka.

A lura da watannin. Afrilu tsakiyar damina ce, kowa zai ce da ma. Satumba kuwa cikin watannin da ake ce wa na rani take. Kuma a karo na biyu akwai ɗan jagora a tare da su. Ke nan kalanda ba ta isa hujja ba, ɗan jagora ma bai isa shi kaɗai ba. Dalilin yana cikin yanayin wurin. Ruwan da ke cika kwazazzabon ba a kansa yake sauka ba, a tuddan da ke kewaye yake sauka, inda wanda ke ciki ba ya gani, don sararin da yake hangowa bai fi faɗin tabarma ba. Rafuka da yawa na haɗuwa su matse cikin hanya guda, sai ruwan ya taho a tsaye, ɗauke da laka da duwatsu da kututture. Bango mai sumul kuma ba ya hawuwa.

Ga wannan ayari ƙa'idar ita ce: a tambayi jami'an hukumar kula da namun daji ta Kenya a ƙofa ko an buɗe a ranar da kuma wane ɓangare. In an buɗe, a shiga da ɗan jagora na wurin kafin ƙarfe 10, a fito kafin azahar, domin hadari a kwarin nan da rana yake haɗuwa. Kafin a sauka a tsaya a sama a dubi kowace kusurwa. Baƙin girgije a kan kowane tudu, ko tsawa daga nesa, ya isa a fasa. A ciki, duk mafitar gaggawa da aka wuce a nuna wa kowa, a san wadda ta fi kusa, ta gaba ko ta baya. Idan ruwan da ke ƙasa ya fara rinewa, ko ya ɗauko ganye da ƙirare, ko aka ji ruri kamar babbar mota na tahowa, a jefar da jaka a hau sama nan take. Gudu a bi kwarin ƙasa ba ya fid da kowa. Wanda ya tsaya a sama ya leƙa daga wurin kallo bai yi asarar da za a yi masa jaje ba.

Longonot

Daga sansani zuwa ƙofar gandun tafiyar kusan awa guda ce. A yi sallar asuba, a sha shayi, a tashi kafin 6, a kasance a ƙofa wajen 7. Ƙofar tana kan mita 2,150. Longonot dutse ne mai aman wuta, da babban rami a kansa. Daga ƙofar zuwa bakin ramin kilomita 3.1 ne, zagayen bakin kilomita 7.2, gaba ɗaya da dawowa kusan 13.5, awa 4 zuwa 5 ga mai ƙarfi, 6 ga irin wannan ayari. Ana jin dutsen ya yi amansa na ƙarshe ne wajen shekarun 1860. Sunan daga harshen ƙabilar Masai ta yankin yake, yana nuni da yawan ƙunyoyin da suka gangaro a jikinsa.

Ba ruwa a kan dutsen, inuwa ma kaɗan ce. Kowa ya ɗauki lita 3, da ƙunshi biyu na garin gishiri da sukari, dabino da gyaɗa, hula mai baki, rigar ruwa mara nauyi, da ƙyallen rufe hanci. Takalmi mai ƙwarin tafi wanda ƙafa ta riga ta saba da shi. Sabon takalmi zai yi bororo kafin a kai rabi, a riƙe filasta a manna da zarar wuri ya fara zafi, kada a jira ya tashi.

Hawan farko hawa biyu ne da ɗan fili a tsakani, akwai matakala a wuraren da suka fi tsayi. Matasa kan kwasa da gudu a nan su zube a rumfar hutawa. A sa wanda ya fi kowa rauni a gaba, a tafi da saurin da mutum zai iya magana ba tare da yanke numfashi ba. Awa guda zuwa da rabi ta isa a kai baki.

Daga nan ake ganin abin da aka zo gani. Rami ne mai faɗi, bangonsa a tsaye, ƙasansa kurmi ne kore shar wanda ba hanyar mota, ga tururi na fita daga wasu tsagogi. A juya baya kuma ga Naivasha a shimfiɗe, da fararen rumfunan gonakin furanni, da tsaunukan Aberdare ta arewa maso gabas. Sauka cikin ramin ba ya cikin wannan tafiya.

A nan ake yanke shawara, kuma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ƙololuwar da ake kira Kilele Ngamia tana can ɗaya gefen, tana kama da kusa. Bakin ramin ba shimfiɗaɗɗe ba ne, hawa da sauka ne kamar haƙoran zarto, don haka abin da ƙafa za ta hau ya wuce kusan mita 630 da lissafi ke nunawa tsakanin ƙofa da ƙololuwa. Idan ƙarfe 9:30 ta yi ayari bai kai baki ba, ko wani ya riga ya sha rabin ruwansa, ko girgije ya fara taruwa, a huta a nan a sauka. Idan za a raba ayari, kada a bar mutum ɗaya shi kaɗai ta kowane ɓangare.

Masu zagayawa galibi kan bi ta dama, don su hau wurare masu wuya da sauran ƙarfinsu. Kusa da ƙololuwa turbar ta zama rami siriri da ƙafafu da ruwa suka ƙwaƙule, wani wurin har ƙirji, cike da ƙura mai laushi kamar garin siminti da tsakuwa mara nauyi da ke mirginawa. Ana sa hannu. A bar tazarar taku biyar tsakanin mutum da mutum, saboda ƙura da kuma dutsen da na gaba zai turo. A wasu wurare turbar ba ta fi taku biyu daga gaɓar ramin ba, kuma gaɓar toka ce, tana iya zaftarewa. Mai ɗaukar hoto ya tsaya cak tukuna. Idan ruwan sama ya sauka ƙurar nan kan koma santsi, kuma bakin dutse ba wurin tsayawa ba ne in ana walƙiya.

A saukowa aka fi jin ciwo, gwiwa ta gaji, hankali ya koma kan mota. Gajeren taku, a karkace, sanda a hannu. Wanda ya daina gumi, ko ya fara magana ba kan gado, a zaunar da shi a inuwa, a jiƙa masa kai da wuya, a ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan, mutum biyu su sauka su kira jami'an ƙofa. Ayarin da ya fara da 7 zai kasance a mota wajen ƙarfe 1, ya yi azahar a sansani.

Safiyar ƙarshe

Masai sun kira tafkin da sunan da ke nufin ruwa mai tashi, daga nan Naivasha ta samo asali. Da safe lumui yake, da rana iska kan taso, kuma da yake ba zurfi, igiyar ruwa kan miƙe da sauri ta dami ƙaramin kwalekwale. Yawon awa guda tsakanin 7 da 9 shi ne daidai, lokacin ne ma gaggafar ruwa mai farin kai ke farautar kifi. Kowa ya sa rigar ceto ya ɗaure ta kafin a kunna inji, a ƙirga kujeru a ƙirga mutane. In matuƙi ya nufi garken dorina don a samu hoto, a ce masa ya ja baya. Dorina kan yi minti biyar a ƙarƙashin ruwa, waɗanda ake gani ba su ne duka ba.

Kafin a tafi yawon a kwance rufin waje na tantuna a shanya a kan igiya, raɓar dare ta jiƙa su sharkaf. Tantin da aka naɗe da laima kan yi fumfuna cikin kwana biyu. Da an dawo sun bushe. A kakkaɓe takalma kafin a sa, a ƙirga ƙusoshi, a zuba ruwa a toka har ta daina huci, a kwashe shara a tafi da ita. Mota ta tashi kafin 11, ta haye gefen kwarin da sauran rana.